Zaɓen harsashi don gasar harbin nesa

Masu shirin shiga gasar harbi daga yadi 1,000 a Amurka, kada girman harsashi ya ruɗe ku. Sabon shiga ya fara da harsashin 6.5 Creedmoor na kamfanin Hornady: iska ba ta karkatar da shi sosai, bindigar kuma ba ta dukan kafaɗa da ƙarfi, har ka hangi inda harsashinka ya sauka. Sai dai bututunta na saurin cinyewa, bai kai na .308 Winchester ƙarko ba. Shi .308 ga arha, ga shi a kowane shagon bindiga, kuma a rukunin gasar da ake kira F-TR shi da harsashin .223 kaɗai aka yarda da su. Manyan harsasai masu ƙarfi da ake kira magnum kuwa, ku bari sai hannu ya faɗa, tsadarsu za ta hana ku yawan atisaye.