Kurakuran da masu koyon kare kai suka fi yi

Saurayi zai shekara biyu yana zuwa horon karate, har ya ɗaura bel mai launi, amma ran da 'yan ƙwacen waya suka tare shi a lungu bayan magariba sai jiki ya ƙi motsi. Yawanci matsalar daga yadda aka horar da shi take.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne atisaye da abokin da ba ya gardama. Ya miƙo hannu a hankali, ya tsaya ƙiƙam, kai kuma ka murɗe shi ka kayar. Ko sau dubu ka maimaita, ba za ta fisshe ka ba. Dubi ɗan dambe: tun yana ƙarami yake sa zare da tsaransa, yana shan naushi na gaske, ya san iyakar inda hannun abokin karawa zai iso, ya san yadda numfashi ke ƙarewa kafin a kai turmi na uku. Don haka ko sau ɗaya ne a mako, ka sa safar dambe da robar kare haƙori, ka kara da wanda yake nufin ya same ka, da rabin ƙarfi, malami yana tsaye a kanku.

Sai batun wuƙa, wanda ya fi tayar mini da hankali. Bidiyon ƙwace wuƙa ya cika TikTok, yara suna kallo suna ɗauka abu ne mai sauƙi. A 1983 wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa kan cinye tazarar ƙafa 21, wajen mita shida da rabi, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Gwada da kanka: sa tsohuwar farar riga, ba abokinka babban alƙalamin tawada, wato marker, a matsayin wuƙa, ka ce ya kawo maka hari da gaske. Bayan daƙiƙa goma ka ƙirga zanen da ke jikinka. Kowane zane sara ne ko suka. In waya ake nema, miƙa ta. In kai ake nema, sa benci ko babur a tsakaninku, ka kwarma ihu, ka ranta a na kare zuwa inda mutane suke. Mai taƙama da maganin ƙarfe kuwa, ina roƙonsa kada ya gwada shi a kan ɗan daba.

Tun da ɗan Brazil Royce Gracie ya lashe gasar UFC ta farko, wato gasar da ke haɗa masu salon faɗa daban-daban, a 1993 da kokawar ƙasa, wasu suka ɗauka kai abokin faɗa ƙasa shi ne mafita. A kan tabarmar horo haka ne. A titi akwai kwalta da fasassun kwalabe, ga kuma abokinsa riƙe da gora a bayanka. Abin koyo shi ne faɗuwa da haɓa manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugu, da miƙewa da sauri hannu yana tsare fuska.

Ba banza ba 'yan dambe ke naɗe hannu. Dunƙulen da ba naɗi in ya ci karo da ƙoƙon kai, ƙashin bayan ƙaramin yatsa kan karye. Tafin hannu da gwiwar hannu sun fi aminci. A riƙa kuma gwada gudu cikin kayan da ake yawo da su, kaftani da silifas ko zani da hijabi, don ba da kayan horo za a tare ka ba.

Akwai kuma ƙin dainawa. Dokar laifuka ta Arewa ta ba mutum 'yancin kare kansa, amma ba ta yarda ya yi ɓarnar da ta wuce buƙata ba. Da zarar maharin ya faɗi ko ya juya da gudu, duk dukan da ka ƙara kai za ka amsa shi a gaban alƙali.