Yadda na shawo kan ƙurar hunturu a wurin ninkayar gidanmu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu a Abuja takan kwanta a ƙasan wurin ninkaya kamar garin bulo, kuma raga ba ta kama ta. Na'urar share ƙasan wurin ninkaya da muke da ita irin mai zuƙa ce, wadda ake haɗa mesarta da famfon da ke juya ruwan, saboda haka duk dattin da ta kwaso yana ƙarewa a matatar yashi, har ruwa ya daina gudu sosai. Ga shi kuma da zarar an ɗauke wuta sai ta tsaya, domin famfon ya fi ƙarfin inbatarmu.

Da na tashi sayen sabuwar na'ura, na ajiye maganar irin mai aiki da matsin ruwa, tunda yawanci tana buƙatar famfo na biyu. Na zaɓi mai sarrafa kanta, wadda ke da injinta da kwandon tacewa a cikinta, kuma wutar da take ci kaɗan ce, inbata na ɗaukarta. Kafin in biya kuɗi na tabbatar tana da ragar tacewa mai ƙananan ƙofofi, domin ta ganye ba ta riƙe ƙura, sannan wayarta ta kai ƙarshen wurin. Yanzu kwandon kawai nake wankewa bayan kowane zagaye.