Esi, fanka da kaskon wuta: yadda za a gyara iskar ɗaki a Kano

Mutane da yawa sun ɗauka in sun kunna na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, sabuwar iska ce ke shigo musu daga waje. Esin bango da ya cika gidajen Kano ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya mayar. Abin da ke bi ta bututun tagulla zuwa injin waje gas ɗin sanyaya ne kawai. Saboda haka hayaƙin turaren wuta, warin fiya-fiya da numfashin mutum huɗu da suka kwana ƙofa a rufe duk suna nan suna zagayawa, sai dai sun yi sanyi. Wanda ke tashi da asuba kai ya yi masa nauyi alhali ya yi barci isasshe, ya fara duba nan.

Maganin shi ne a buɗe taga biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, na minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana, esi a kashe. Da hantsi ya fi. Wajen magariba hayaƙin girki, na bola da na adaidaita sahu yakan kwanta ƙasa-ƙasa a unguwanni masu cunkoso irin su Fagge da Kurna, lokacin rufewa ne. A hunturu iskar da ke ɗauko hazo daga arewa maso gabas take busowa, yawancin ƙurar kuma daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, don haka tagar kudu ko ta yamma za a buɗe. Ranar da hazo ya yi kauri har rana ta koma kamar farin faranti, minti 5 ya isa.

Sai ragar esi, wadda masu gyara ke kira filta. A kashe wuta daga soket, a ɗaga murfin gaba, a zare ragogin nan biyu a fita da su tsakar gida. Ruwa ta bayan raga ake zuba shi, domin ƙurar ta fita ta inda ta shiga. In an zuba ta gaba sai ta ƙara cushewa cikin ramukan. Ruwan ya zama mai sanyi ko ɗumi kaɗan, kada ya wuce digiri 40, da ɗan sabulu in akwai maiƙo. A shanya a inuwa, don ranar Kano tana lanƙwasa robar, kuma kada a mayar sai ta bushe sarai. Takardun kamfanoni sukan ce a wanke duk mako biyu. A nan, muddin akwai hazo kuma ana kunna na'urar, duk mako ne. Ragar da ta toshe tana rage iskar da ke ratsa siraran faranten alminiyom da ke bayanta, sanyi ya ragu, wani lokaci ƙanƙara ta kama su, in ta narke ruwa ya riƙa bin bango.

Warin tsami ko na jiƙaƙƙen tsumma da ke fitowa da zarar an kunna, funfuna ce. Faranten nan suna tatso ruwa daga iska, ruwan ya ɗiga cikin tire, ya bi tiyo ya fita waje. In ƙura ta haɗu da ruwan sai ta zama laka ta toshe tiyon, ruwa ya kwanta, funfuna ta kama tiren da doguwar fankar da ke ciki. A haska tocila ta bakin da iska ke fitowa: in an ga baƙin ɗigo-ɗigo a jikin fankar, ita ce, kuma ita ake hura wa mai asma da ƙananan yara duk dare. Gwajin tiyo mai sauƙi ne. A zuba rabin lita na ruwa a hankali cikin tiren, wani ya tsaya a waje ya ga ko ya fito. A watan Yuli da Agusta, da laima ta fi yawa, a riƙa mayar da rimot kan fanka kaɗai na minti 20 kafin a kashe, in wuta ta bari, domin cikin ya bushe.

Wankin ciki aikin mai gyara ne, aƙalla sau biyu a shekara: ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama, da kuma bayan damina. A tsaya a kansa a ga ya wanke fankar ciki da tiren, ya busa tiyon, ya wanke injin waje. Gas ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, yoyo yake, kuma mai gyaran da ke cewa a ƙara gas duk zuwa bai nemo inda yake yoyon ba. A kuma duba ramin da aka huda a bango don bututu. Sau da yawa a buɗe ake barinsa, ƙura da ƙadangare su mai da shi hanya. A toshe shi da siminti ko kumfar toshe rami.

Digiri 24 zuwa 26 ya wadatar. Sa shi a 16 ba ya hanzarta sanyi, sai dai ya ƙara busar da maƙogwaro da cin wuta. Esin da ya fi ƙarfin ɗaki ma matsala ne, yana saurin tsayawa kafin ya janye laima, ɗaki ya yi sanyi amma da danshi.

Ragar esi manyan ƙwayoyin ƙura take tarewa. Ƙananan da ake kira PM2.5, masu shiga can cikin huhu, wucewa suke. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin su a maikirogiram 15 cikin kowace mita kubik a matsakaicin yini guda, ranar hazo kuwa ana ninka wannan sau da dama. Gidan da ke da mai asma ko tsoho mai ciwon ƙirji, na'urar tace iska mai filtar HEPA, wato mai kama ƙananan ƙwayoyin nan, ce ke maganinsu. A auna ɗaki kafin a saya. Ɗaki mai mita 4 sau 4 da tsayin mita 3 yana ɗauke da mita kubik 48, ana so a tace shi sau biyar a awa, ke nan a nemi wadda aka rubuta tana fitar da kimanin mita kubik 240 a awa. A tambayi mai shago ko ana samun filtar canji, don ba wanke ta ake yi ba. Na'ura mai fitar da iskar ozon a bar wa mai shago kayansa, iskar tana harzuƙa huhu.

Fanka mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa a tanki don ta sanyaya iska, tana aiki sosai a Maris da Afrilu da iska ta bushe, da sharaɗin taga a buɗe take. A zubar da ragowar ruwa kullum, a wanke tankin duk mako, in ba haka ba ya zama matattarar sauro da gansakuka. Da damina ba ta da amfani. Fankar sama kuwa a goge fukafukanta da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaki ma da mofa maimakon tsintsiya.

Abin da ke kisa a dare ɗaya ɗumama ɗaki ne. A Disamba da Janairu sanyin dare a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, sai a shigo da kasko ko kurfoti, musamman ɗakin mai jego da na tsofaffi. An saba barin gawayi a waje har hayaƙi ya ƙare, ya yi jajir, sannan a shigar, a ce ya zama lafiya. Hayaƙin ne ya tafi. Garwashin yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta fi iskar oksijin da muke shaƙa kama jini fiye da sau 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuma ba ya jin ko ɗaya. In dole sai an yi amfani da kasko, ƙofa ta kasance a buɗe, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. In mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, a fitar da kowa fili, a kai su asibiti nan take, a faɗa wa likita an kwana da gawayi.

Janareta ma haka yake, har ya fi. Kada a tashe shi a zaure, baranda ko ƙarƙashin matakala. A nisanta shi da ƙofa da taga kimanin mita 6, salansa na fuskantar nesa da ɗakuna, har da na maƙwabta. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke yin ƙara in iskar gubar ta taru, a rataye ta kusa da ɗakin kwana.

Hitar lantarki ba ta fitar da wannan guba. A ajiye ta mita 1 daga labule, katifa da gidan sauro, a sa ta kai tsaye a soket ɗin bango, a kakkaɓe ƙurarta kafin kunnawar farko ta shekara. Tana ƙara bushewar da ke jawo haɓo da tsagewar leɓe, don haka a shanya jiƙaƙƙen tawul a gefe guda na ɗakin, nesa da ita, a riƙa canza shi kullum.