Babi na 6: Sayen kayan ɗaki na hannu, a auna kafin a biya

Ƴan uwa sannunku da ƙoƙari. Wannan babi na sayen kayan ɗaki ne na hannu, wato waɗanda wani ya yi aiki da su ya saida, gado ko kujera ko tabul ko almuwar ta sa tufafi. Babu kunya a ciki ko kaɗan. Tsohon gadon maɗaci ya fi sabon katakon nan na dusa da ake matsewa da gam ƙarko nesa ba kusa ba, kuma duk wanda kika saya, itace guda ne ya tsira a daji. Mu ƴan Maradi mun san darajar icce, tun shekarun 1980 manomanmu ke barin tohon gawo da kalgo a gona don ƙasa ta farfaɗo.

Darasi na 1: Awo

Ki ɗauko kaye da bik da metir irin na tela. In babu metir, igiya ma ta yi. Tun kafin ki fita gida za ki auna ƙofar ɗakinki. Ƙofa fa na ce, ba ɗaki ba tukuna.

Dubi metir ɗin da kyau. Gefe guda lambobi sun yi kusa da juna, shi ne santimetir, shi muke so. Wani metir yana da manyan lambobi a bayansa masu nisa da juna, wannan inci ne, ki bar shi. Ki fara daga bakin da ƙarfe yake, wajen lamba 1, ba daga tsakiya ba. Santimetir 100 shi ne metir 1.

Ki ɗora bakin metir a gefen ƙofa na dama, ki ja zuwa gefen hagu. Wannan shi ne faɗi. Lambar da ya tsaya a kai ki rubuta, misali: faɗi 80. Sai daga ƙasa zuwa sama, wannan shi ne tsawo, ki rubuta: tsawo 200. Ki rubuta kalmar tare da lambar. In lamba kaɗai kika rubuta, wallahi kina isa kasuwa ba za ki tuna wanne ne wanne ba. Kar ki damu in hannu ya yi rawa, kowa haka ya fara, ni ma haka na fara.

Mai aiki da igiya, ki ɗaure ƙulli daidai inda faɗin ƙofa ya tsaya, ki yi wata igiya daban ta tsawo.

Yanzu a sake. Dama zuwa hagu, faɗi. Ƙasa zuwa sama, tsawo. A auna sau biyu, in lambobin ba su zo ɗaya ba a yi na uku. In an gama da ƙofa sai wurin da kayan za su zauna, daga bango zuwa taga, shi ma a rubuta.

Darasi na 2: A wajen mai saidawa

Ko babbar kasuwa kika tafi, ko dillaliya ce ta kai ki gidan da ake saida kayan ɗaki, takardar awonki tana hannunki. Kafin ki tambayi kuɗi ki fiddo metir. Almuwar ana shigar da ita a gefe, don haka ki auna kaurinta daga gaba zuwa baya: in 60 ne, ƙofarki 80, za ta shiga. In kujera ce mai zaman mutum uku, kaurinta 90, ƙofa 80, da wuya ta shiga, ko da kyauta aka ba ki. Lambar kaya dole ta zama ƙasa da lambar ƙofa. Gado a tambaya ko yana kwancewa.

Malam, kai ma da kai nake. Sau nawa na faɗa a aji? Amma wata ɗalibata ta ce idonta ya isa awo, ta sayo almuwar aka ɗauko a amalanke har gida, ta ƙi shiga, ta kwana uku a tsakar gida ga hadari ya taso, daga ƙarshe sai da kafinta ya farfasa bayanta. Haba jama'a! Ido ba metir ba ne. Me zai sa ku zo aji wata da watanni kuna koyon lamba, ranar amfaninta kuma ku bar kaye a gida? Ba na son in sake jin irin wannan. A auna ƙofa, a rubuta, a auna kaya.

Darasi na 3: Gara da kuɗin cizo

Ki juya kayan ki dubi ƙasansu. In kin ga layin ƙasa ja manne da katako, gara ce. In kin ga ƙananan ramuka da gari yana zuba, ƙwaro na ciki. Ki ƙwanƙwasa da yatsa, in ya yi ƙara kamar ƙwarya, ciki ya cinye, ki bar shi. Katakon dusa in ya kumbura ya sha ruwa, ba ya gyaruwa. Ki duba lungun gado da ɗinkin kujera, baƙaƙen ɗige alamar kuɗin cizo ne. Katifa kam ban ba da shawarar ta hannu ba. Duk abin da aka sayo ya sha rana a tsakar gida kafin ya shiga ɗaki.

Darasi na 4: Kuɗi

In an rubuta 5.000 F, jika 5 ke nan, wato dala dubu. Dala ɗaya sefa 5 ce. A haɗa da kuɗin dako da na kafinta kafin a sallama.

Darasi na 5: Ado

Tsofaffin kwalla da tasa a wanke da toka da lemun tsami su yi jere. Tabarmar kaba da faifai suna kyau a bango. Tsohon zane ya isa labule, amma a auna taga.

Aikin gida: kowa ya zo da awon ƙofarsa a rubuce.