Yadda ake gwajin ƙarfin zuciya a kan injin gudu, daga bakin wanda ya hau sau biyu

Ina da shekara 47 likita ya tura ni wannan gwaji. Babu inda ke mini ciwo, sai dai na lura hawa bene biyu ya fara sa ni haki, ga shi ina son komawa motsa jiki bayan na daɗe da bari. Zuciya idan tana hutawa takan ɓoye sirrinta, sai an ɗora mata aiki ake gane iyakar abin da za ta iya. Sau biyu na yi gwajin, wata takwas tsakani, kuma a na farkon na tafka kuskuren da ba na so ka maimaita.

Shiri yana farawa kwana biyu ko uku kafin ranar. Ka kai wa likita sunayen duk magungunan da kake sha. Wasu na hawan jini, irin su atenolol da bisoprolol, suna rage saurin bugun zuciya, don haka suna iya canza sakamako. Shi zai ce ka sha ko ka dakata, kada ka yanke wa kanka hukunci. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da maganinsa tunda zai jinkirta cin abinci, mai asma kuma ya taho da abin shaƙarsa. Ranar gwajin ka haƙura da kofi da shayi da taba, kada ka cika ciki awa uku kafin lokacin. Ka sa takalmin gudu mai igiya da wando mara nauyi, kuma kada ka shafa mai a ƙirji, domin abin da za a manna maka ba zai kama ba.

Da ka shiga za a goge maka fata, mai gashin ƙirji a ɗan aske masa, a manna 'yan faifai goma masu wayoyi da ke kai bayani ga na'urar ECG, mai zana yadda zuciya ke bugawa. Za a ɗaura maka abin awon jini a dantse. Idan ana son auna ainihin iskar oksijin da jikinka ke sha, wato abin da ake kira VO2 max, za a ƙara maka da takunkumi mai rufe hanci da baki. Ni a karo na biyu aka sa mini shi, kuma gaskiya minti biyun farko ji na yi kamar an toshe ni, daga baya na manta da shi.

Tsarin da aka fi bi shi ne wanda likitan zuciya Robert Bruce na Amurka ya fitar a 1963. Kowane mataki minti uku ne. Na farko tafiya ce ta kilomita 2.7 a awa, injin ya ɗaga kashi 10 cikin ɗari, har za ka ce wasa ne. Na biyu kilomita 4 da tudu kashi 12. Na uku kilomita 5.5 da kashi 14, a nan magana ke fara yankewa. Na huɗu kilomita 6.8 da kashi 16, wanda ya fi ƙarfin tafiya, bai kuma kai gudu sosai ba, sai ƙafa ta rasa wanne za ta yi. Wanda gwiwa ke damunsa ana iya ba shi keke a madadin injin.

To ga kuskurena. Da muka shiga mataki na uku sai na damƙi ƙarfen gaba da hannu biyu, na jingina nauyina a kansa. Nas ɗin ta ce, "Malam, sassauta hannu, yatsu kawai za ka ɗora." Na ce to, amma ban saki ba. Wanda ya rataya a jikin ƙarfe ya rage wa zuciyarsa aiki, sai ya daɗe a kan injin fiye da ƙarfinsa, lissafin ya fito ya yi masa ƙarya mai daɗin ji. Haka kuma idan aka nuna maka allon gajiya mai lamba 6 zuwa 20 aka ce nuna inda kake, ka faɗi gaskiya. Na ce 13 alhali ina 17, don kada a ce na gaza. Wa na yaudara?

Ana ƙiyasta iyakar bugun zuciya a minti ɗaya da cire shekarunka daga 220. Nawa 173 ke nan, kuma ana so a kai aƙalla kashi 85 cikin ɗari, wato kusan 147, kafin a amince da gwajin. Ƙiyasi ne kawai, wasu kan zarce, wasu ba sa kaiwa. Idan ka ji nauyi ko zafi a ƙirji, jiri, ciwo yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya ƙwace maka, ka faɗa nan take. Kada ka yi tsalle ka sauka bel yana tafiya, su za su rage gudun.

Mintunan bayan tsayawa ma cikin gwajin suke, wayoyin na jikinka ana ci gaba da kallo. Ana duba yawan saukar bugun a minti na farko, idan bai ragu da fiye da 12 ba likita zai so ya ƙara bincike.

Sakamakon kan zo da ma'aunin MET. MET ɗaya shi ne abin da jiki ke ci a zaune, mililita 3.5 na oksijin ga kowane kilo a minti. Wanda ya kammala mataki na uku, minti tara, ya kai wajen MET 10. Ka nemi a ba ka takardar, ka riƙe lambobi uku: tsawon lokacin da ka yi, bugu mafi yawa, da saukarsa bayan minti ɗaya. Ta farko tawa ta ce minti 10 da daƙiƙa 20, da taimakon ƙarfe. Bayan wata takwas ina tafiyar sauri sau huɗu a mako, na yi minti 10 da daƙiƙa 5 hannuna a sake, bugun kuma ya sauka da 24 maimakon 15. Likitan ya ja layi a kan ta farkon, ya ce da ta biyu za mu riƙa kwatantawa.