Kafin ka biya kuɗin bokitin fenti a Jos

Mutum zai shigo shago ya ce, "A ba ni fentin ɗaki biyu da falo, ruwan madara." Iyakar abin da ya zo da shi ke nan. Yaron shago bai ga ɗakin ba, bai san ko sabon shafe ne ko tsohon bango mai ɓarewa ba, sai ya yi lissafin da shago ba zai yi asara ba, ya jero masa bokitai. Na daɗe ina tsaron shagon fentin kawuna a nan Jos kafin in koma wata sana'ar, kuma yawancin rigimar da na ga ana yi a bakin kanta tun daga gida ake tahowa da ita. Wanda ya zo da awonsa a takarda, tarbar da ake yi masa daban ce, ko a Ahmadu Bello Way ne ko a kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru.

Don haka ka fara da tef ɗin awo. Ɗakin da magina ke kira sha biyu-sha biyu, wato ƙafa 12 kowane gefe, idan tsayin bangon ya kai mita 3, bangayensa huɗu za su ba ka kusan murabba'in mita 44. Cire ƙofa da taga, ka ce 40. Shafa biyu ake yi, ya zama 80. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya takan ci wajen murabba'in mita 10 a bango mai santsi, ka ga lita 8 ke nan, galan biyu masu lita 4. Babban bokiti lita 20 ne. To idan aka ce maka ɗaki ɗaya zai cinye bokiti guda, ko dai fentin mai araha ne da sai an yi ta maimaitawa kafin ya rufe, ko bangon ne mai shan fenti, ko kuma akwai wanda ke shirin tafiya gida da ragowa. Ka tambaya wanne ne a ciki. Silin lissafinsa daban, kada a cusa maka shi a baki.

Sai ka faɗi gaskiyar bangonka. Sabon shafen siminti yana son kamar mako huɗu ya bushe kafin fenti ya hau, kuma yana buƙatar andakot, wato fentin share fage da ake fara shafawa kafin ainihin fentin, in ba haka ba ya shanye shafar farko tas. Bangon da danshi ke tasowa daga ƙasansa, irin wanda ake gani a tsofaffin gidajen Gangare da Rikkos inda fenti ke kumbura yana zuba kamar gari, babu bokitin da zai warkar da shi sai an gyara hanyar ruwan. Mai shago na kirki zai gaya maka haka ko da cinikin zai wuce shi. Wanda ya ce "wannan yana maganin danshi, Alhaji, ɗauki kawai" ba tare da ya tambayi daga ina ruwan ke fitowa ba, ni dai zan yi masa sai an jima.

Nau'in fenti ba ya buƙatar dogon bayani. Fentin ruwa na cikin ɗaki da silin, satin na falo da inda yara ke dafa bango saboda yana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, teskot mai kaushi-kaushi na waje, fentin mai na ƙofa da taga da ƙarfen get.

Kala ce ke raba mutane da masu shago. Ɗan katin da ake nuna maka bai kai tafin hannu ba, kuma a ƙarƙashin fitilar shago kake kallonsa. Fito da shi waje ka duba a hasken rana. Duk kalar da ka zaɓa, a faɗin bango za ta fi ƙarfi, kuma takan ɗan sauya bayan ta bushe. Idan da hali ka sayi ƙaramin gwangwani ka shafa a gefe ɗaya, ka duba da safe da kuma bayan magariba. In kuwa uwargida ce za ta zauna a ɗakin, a kai mata katin ta gani da idonta. Hoton waya ƙarya yake yi a kan kala. Shagunan manyan kamfanoni irin su Dulux da Berger suna haɗa kala da na'ura, kowace da lambarta. Rubuta lambar ka adana. Kalar da aka haɗa da hannu a bayan shago, ana ɗiga ja ana ɗiga rawaya har ta yi, da wuya a sake samo irinta daidai, don haka a haɗa maka duk abin da kake buƙata a zama ɗaya, har da ɗan ƙari.

Yanzu maganar da ba a cika so a yi ba. Idan ka aiki mai fenti shi kaɗai ya sayo, a shaguna da yawa akwai la'adarsa a cikin farashin da zai kawo maka. Ban ce duk masu fenti haka suke ba, kuma wasu ba su ɗauke shi a matsayin cuta ba, al'adar kasuwa ce. Amma kuɗinka ne. Ku je tare. Shi ya san fentin da ke bin rola da wanda ke wahalarwa, kai kuma ka yi ciniki ka biya da hannunka. Idan ka ga suna ƙus-ƙus da yaron shago ana cewa "Oga, wannan ya fi wancan" alhali ba wanda ya faɗi dalili, ka ce a buɗe duka biyun a shafa a kan kwali.

Buɗe bokiti a gabanka haƙƙinka ne, sai dai ka nema da ladabi bayan kun daidaita a farashi, domin wanda aka ɓalle wa hatimi yana wuyar sayuwa. Duba murfin tukuna, ko an taɓa buɗe shi. Duba tambarin inganci na NIS na hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da ranar da aka yi fentin, da lambar rukunin da ke jikin kowane bokiti. Idan kala ɗaya kake saye da yawa, lambobin su zama iri ɗaya. Sa a juya da sanda har ƙasa. Idan ƙasan ya daskare ya ƙi haɗuwa, ko wari mai kama da ruɓewa ya taso, fentin ya lalace. Kuma kada nauyin bokiti ya ruɗe ka. Masu fenti mai araha suna cika shi da farar hoda mai nauyi, ita ce wadda in ka jingina da bango take bin bayan rigarka.

Kafin ka miƙa kuɗi ko ka yi taransifa, ka yi tambaya ɗaya a fili: in bokiti ya rage ban buɗe ba, za ku karɓa? Wasu za su ce e amma sai dai canji da wani kaya, wasu su ba ka 'yan kwanaki. Duk abin da aka ce, a rubuta a bayan rasit tare da sunan fentin da lambar kalar da yawan bokitan. Kalar da aka haɗa maka musamman ba a mayar da ita, wannan kam ko'ina haka ne. Idan matsala ta taso daga baya, kada ka tsaya kana ɗaga wa yaro murya, ba shi da ikon mayar da ko sisi. Kawo bokitin da rasit da hoton bangon, ka ce kana son ganin maigida. Karanta kuma abin da aka rubuta a jikin bokiti game da ruwan da za a ƙara, ka nuna wa mai aikinka, saboda tambayar farko da shago zai yi ke nan, kuma fentin da aka tsinka fiye da ƙima laifinsa ba ya hawa kansu.

Lokaci ma yana da nasa. Ana saura mako biyu Sallah ko Kirsimeti shagunan cike suke, ba mai natsuwar yi maka bayani. Ka je da hantsi a tsakiyar mako. Aikin waje kuma kada ka sa shi a Yuli ko Agusta, lokacin da ruwan Jos ke iya saukowa kan bangon da bai bushe ba ya wanke shi. Tsakiyar hunturu ƙura ce ke mannewa a fentin mai, sanyin safiya kuma ya hana shi bushewa da wuri. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba. Ka sayi fentin ana saura kwana biyu ko uku a fara, ka ajiye shi a inuwa da murfinsa a rufe.