Fitilar da ka saba rainawa ita za ta kayar da kai a MOT

Sayen mota a Ingila ba wuya, da fam dubu biyu ma sai ka samu ta kai yara makaranta. Inshora da harajin hanya kuwa a waya ake gama su. Inda 'yan uwanmu sababbin zuwa ke shan kashi shi ne MOT, gwajin da doka ta wajabta wa duk motar da ta kai shekara 3, sau ɗaya a shekara. Kuɗinsa bai wuce fam 54.85 ba. Gyaran da ke biyo bayan faɗuwa shi ne mai cin aljihu.

A gida mun saba, fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba ta kama, bakanike ya ce rabu da ita, ko mai wayarin ya cire ƙwan, ka ci gaba da harkarka. Don Allah ku bar wannan ɗabi'ar a Kano. Tun 20 ga Mayu 2018, fitilar inji a kunne babban laifi ce, take mota ke faɗuwa, in mai fetur ce da ta fara hawa titi daga Yulin 2003, ko mai dizal daga Yulin 2008. Haka ta ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, da ta jakar iska, da ta sitiyari. Ta iskar taya ma ana duba ko tana aiki a motocin 2012 zuwa sama.

Kuma mai gwajin ba yaro ba ne. Zai murɗa makulli ya tsaya, ya zuba ido: dole fitilun su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ta ƙi kamawa ma laifi ce. Wani ƙanenmu ya manna baƙin salatif a kan ta jakar iska, wai dabara. Bayan ya faɗi na raka shi garejin, mutumin ya sa farce ya ɓare salatif ɗin a gabanmu, fitilar na nan jawur. Na ce, "Kai, wa ya ba ka wannan shawarar?" Ya ce abokinsa. Ashe waya ce kawai ta saki a ƙarƙashin kujera, aikin minti goma.

Ka yi wannan gwajin na murɗa makulli da kanka gobe da safe. Jar fitila na nufin tsaya: baƙin mai, birki, zafin inji, batir. In ta baƙin mai ta kama kana tafiya, ka gangara ka kashe, kada ka ce bari in ƙarasa. Ruwan ɗorawa na nufin je a duba da wuri. Akwai 'yar na'ura mai araha, OBD, da ake soka ta ƙarƙashin sitiyari ta nuna lambar matsalar. Amma goge lamba ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo.

Masu dizal, ku ne kuka fi ba ni haushi. Kullum daga gida sai masallaci sai kanti, matatar hayaƙin, DPF, ba ta samun zafin da za ta ƙone baƙin hayaƙin da ya taru a cikinta, sai ta toshe. Ka riƙa hawa babbar hanya lokaci-lokaci. Wanda ya ce ka cire ta, faɗuwa yake jawo maka.

Ana iya yin gwajin wata ɗaya ba kwana ɗaya kafin na hannunka ya ƙare, ba tare da ka yi asarar kwanakinka ba. Yi amfani da wannan damar. In ka faɗi ka bar motar a garejin aka gyara cikin ranakun aiki 10, sake gwajin kyauta ne. Tuƙi babu MOT kuwa tararsa na kaiwa fam 1,000, kyamarori kuma lambarka suke karantawa, babu wanda za ka roƙa.

Alhamdulillahi muna da 'yan tasi a Manchesta da Landan da suka san gareji mai amana. Tambaye su bayan sallar Juma'a, ba wanda zai hana ka. Kafin ka biya kuɗin kowace mota kuma, sa lambarta a shafin gov.uk, tarihin gwajinta zai fito kyauta, har da abin da ya taɓa kayar da ita.